Motar da Ta Kawo Hajja

A tsakar gidan marigayi Malam Abdulmuhaimin da ke Ƙofar Wambai a Bauchi akwai wata mota da 'yan gidan ke kira Baturiya. Ƙirar Ingila ce ta bayan yaƙin duniya na biyu, mai ƙofa biyu da rufin tamfol da ake naɗewa baya. Malam ya saye ta hannun wani Baturen kuza da zai koma ƙasarsu, kuma a cikinta aka ɗauko amaryarsa Larai daga Gwallaga. Larai ita ce Hajja yanzu, ta haura tamanin. Motar kuwa shekara talatin ba ta motsa ba. Tayoyi sun zauna, tamfol ya yage, kaji na saka ƙwai a kujerar direba.

Ɗanlarai, ɗan Hajja na fari, tela ne, kuma ba motar ce damuwarsa ba. Ƙafafun uwarsa sun daina ɗaukarta, shekara uku ba ta leƙa waje ba. Ga shi an aiko daga Gwallaga cewa ƙanwarta Saudatu na kwance, jiki ya yi nauyi, yayarta kawai take kira. Daga gidan zuwa bakin titi taku sittin ne, amma lungun ko keke-napep ba ya shiga, sai babur.

"Hajja, ki bari mu ɗora ki a kujera mu kai ki titi," in ji Ɗanlarai.

Ba ta kama sunansa, don ɗan fari ne. Ta ce, "Kai tela, a ɗauke ni kamar buhun masara in wuce ta gaban yaran da na goya? Motar da ta kawo ni lungun nan ita za ta fitar da ni. In ba ita ba, sai makara."

Ya san uwarsa, bai ƙara ba. Ya tafi Wunti ya ɗauko Baba Kayode, tsohon bakanike da ya shekara arba'in a Bauchi. Kayode ya kori kaji, ya ɗaga bonet, ya daɗe a sunkuye.

"Malam tela, ka san abin da kajinka suke yi wa kashi? Irin wannan ba su da yawa a duniya. Injin zai tashi, ka ba ni sati uku. Amma tambaya ɗaya. Ta ina ta shigo?"

"Ta babbar ƙofa mana."

"Ina ƙofar?"

Ɗanlarai ya nuna masa bango. Inda ƙofar take nan ne shagonsa. Shekarar da ya yi aure ya toshe ta da bulo, ya ƙara baranda ta shiga cikin hanya.

Kayode ya gwada faɗin motar da igiya, ya ƙulla, ya bi lungun yana aunawa. Lungun da a da babbar mota ke shiga ta sauke itace, yanzu duk ya matse. Nan matakala, can rumfa, gaba kaɗan dakalin Mahfuz mai shagon kayan masarufi, yana fuskantar ginin tankin ruwan maƙwabcinsa. A nan igiyar ta lanƙwashe.

Da la'asar Ɗanlarai ya sami Mahfuz a kan dakalin ya roƙe shi ya rage shi.

Mahfuz ya yi dariya. "Yaya Ɗanlarai, wa ya fara? Kai ka ci taku uku ba wanda ya ce uffan, mu muka ci ɗaya-ɗaya a bayanka. Yau don kana son ka yi yawo da ɗakin kaji sai ka tuna akwai hanya?"

"Ba yawo ba ne. Hajja ce."

"Allah ya ba Hajja lafiya. Rushe naka mu gani."

Gaskiya Mahfuz ya faɗa, ko da yake ba don Allah ya faɗe ta ba. Hanya ta jama'a ce, wanda ya ci ta ya yi sata, kuma siminti ba ya halatta sata. Duk mutanen lungun sun san haka, a sahu ɗaya suke salla, kowa na jiran na kusa da shi ya fara.

Kayode ya yi ta aiki a tsakar gida. Ya wanke tanki, ya sauya wayoyi, ya samo tayoyin da suka yi kusa da nata. Saƙon Gwallaga ya zo sau biyu, na biyu ya fi na farko muni. Ranar da injin ya yi tari ya kama, Ɗanlarai ya kwashe kekensa na ɗinki ya kai zaure, ya ari guduma, ya rushe shagon da ya ci abinci a ciki shekara talatin. Mutane suka tsaya suna kallo. Mahfuz ya ce nasa sai bayan damina.

"Ribas bai gyaru ba," in ji Kayode. "In ta shiga gaba, ta shiga ke nan. Kuma igiya ta ce ba za ta wuce ba."

"Wataƙila igiyar ta yi kuskure," in ji Ɗanlarai.

Washegari da hantsi aka zaunar da Hajja a gaba, ta sha sabon lulluɓi. Kayode ya ja a hankali. Suka wuce matakala, suka goge rumfa. A dakalin Mahfuz ƙarfe ya yi ƙara ta dama da hagu, motar ta tsaya. Aka tura gaba, aka tura baya, ko motsi. Ƙofofinta ma ba damar buɗewa.

Daga nan ana hango titi, keke-napep na wucewa. Hajja ta daɗe tana kallo. Ɗanlarai na tsaye a baya, bai iya haɗa ido da kowa ba.

"Kai tela," ta ce. "Kawo kujerar."

Da yake motar ba rufi, ta sama aka ciro ta. Maza huɗu suka ɗauke ta, har da Mahfuz, ta ja lulluɓi ta rufe fuska har bakin titi. A keke-napep suka isa Gwallaga, suka tarar da Saudatu da rai, amma baki ya rufe tun shekaranjiya. Ta dai riƙe hannun yayarta, ba a san ko ta gane ta ba.

Baturiya na nan inda ta maƙale. Babur ma ya daina shiga lungun, mai wucewa sai ya taka dakali ya tsallaka. An zauna gaban mai unguwa sau uku. Mahfuz ya ce mai tanki ya fara rushe nasa, mai tanki ya ce Mahfuz. Ɗanlarai na ɗinki a zaure mai duhu, kajin kuma sun gano inda aka kai motar sun bi ta.