Jitocin Bahago

Shekara bakwai ke nan Bahago bai kaɗa jita ba. Wani faffaɗan gilashin taga ne ya suɓuce masa a shagonsa na yankan gilashi, ya sauka a bayan hannunsa na dama, ya datse jijiyoyin yatsu biyu. Likita ya ɗinke, ciwo ya warke, amma yatsun suka ƙame a lanƙwashe. Da yake shi bahago ne, da dama yake danna tsirkiya, hagu ke kaɗawa. Aikin shago bai tsaya ba, don da hagu yake jan abin yankan. Kiɗa ne ya tsaya.

Kayan kuwa suna nan a ƙaramin ɗakin da ke manne da banɗaki. Jita biyu na lantarki da ɗaya ta katako zalla, duk ƙirar masu hagu, waɗanda a zamaninsu sai da ya jira wata da watanni kafin a samo masa. Ga amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai nauyin buhun siminti, ga lasifika biyu, ga wasu ƙananan akwatuna biyar da ake takawa da ƙafa a sauya wa jita murya. Duk Asabar idan ya dawo da yamma sai ya shiga ya goge su da tsumma mai laushi, ya kunna amfilifayar ya bar ta ta yi ɗumi don kada danshi ya kama ta. Ba ya kaɗa komai. Daga kicin matarsa ke jin gurnanin na'urar na ɗan lokaci, sai ta ji ya kashe, ya ja ƙofa.

Ba ta taɓa yi masa magana a kai ba sai da zancen Inna ya taso. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune ne wajen Auta, ƙaninsa, a hawa na uku na bene, gwiwoyinta kuma sun ƙi. Ta yi wata huɗu ba ta sauko ƙasa ba. Aka yanke shawara ta dawo gidan Bahago. Gidan ɗaki biyu ne da falo: ɗaya nasa da matarsa, ɗaya na 'yan matansu uku, sai ɗakin kayan kiɗa. Matar ta ce masa ɗakin nan shi ya dace da tsohuwa, taku huɗu ne zuwa banɗaki, alhali daga falo sai an sauka matakala biyu an bi baranda. Ta ce ko ya kai kayan shago, ko ya sayar. Ya ce ƙurar gilashi za ta ci su a shago, bangon ɗakinsu kuma yana tsattsafo da ruwa. Ya nemi ta ba shi mako guda ya samo wanda ya san darajarsu.

Inna ta iso kafin makon ya cika, aka shimfiɗa mata katifa a falo bayan doguwar kujera. Da surukarta ta fara ba ta haƙuri, sai ta daga hannu.

"Ku bar mini jikokina na katako, su ma tsofaffi ne. Ni falo ya yi mini, ina ganin mai shiga da mai fita."

Kowa ya yi dariya, Bahago ya fi kowa. Ya riƙe wannan magana, duk lokacin da matarsa ta tuna masa sai ya ce ai Inna da bakinta ta faɗa.

Dogo ne ya ɗauki nauyin nemo masu saye. Shi ne mai buga ganga a ƙungiyar kiɗansu ta da, yanzu taya yake sayarwa. Na farkon da ya kawo mai shagon kayan kiɗa ne. Ya jujjuya jitocin, ya ce na masu hagu ba sa tafiya, sai dai ya kwance su ya sayar da ƙarafan ɗaya-ɗaya. Bahago ya karɓe jitar daga hannunsa ya nuna masa ƙofa. Na biyun ya jingina ta da bango har ta yi ƙara, shi ma aka sallame shi. Wani kuma laifinsa shi ne hannunsa na gumi. Haka aka ci wata biyu.

Wata Lahadi da hantsi Dogo ya zo da wata malamar kiɗa, mace mai kimanin shekara arba'in. Ita ma bahaguwa ce, duk rayuwarta jitar masu dama take juyawa ta kaɗa a birkice. Ta gaida Inna har ƙasa, ta nemi ruwa ta wanke hannu kafin ta taɓa komai. Da ta rataya wata jar jita cikin na lantarkin, sai ta tsaya tana kallon yadda ta zauna mata daidai. Sannan ta kaɗa.

Bahago yana tsaye a bakin ƙofa. Ya manta yadda muryar take cika ɗaki har ta shiga ƙirjin mutum. 'Yan matan suka fito baranda, ƙaramar ma ba ta taɓa jin ta ba. Yatsunsa biyu suka riƙa motsi a jikin wandonsa, ya cusa hannun a aljihu. Da malamar ta gama, ta ce ba ta taɓa riƙe abu mai kyau haka ba, kuma in ya yarda, ɗalibanta masu hagu guda biyu ma za su amfana. Ya ce zai yi tunani.

A waje Dogo ya tsare shi.

"To ita kuma mene ne aibinta?"

"Ba ta da aibi."

"Shi ya sa ka hana ta ke nan."

Dogo ya ce uwarsa na kwana a bayan kujera kamar baƙuwar da ta rasa mota, shi kuma yana renon katako. Ya ce ya gama yawo da mutane, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ranar Laraba ta mako na gaba, da safe, gidan ya watse kamar kullum: shi shago, matar wurin aikinta na ɗinki, yara makaranta. Inna ta tashi za ta banɗaki, sandarta ta zame a matakala ta biyu. Ta faɗi a kan ƙugunta. Wayarta na kan katifa, ba ta iya jan jiki ta kai gare ta ba. Ta yi kira har muryarta ta dushe. Sai da azahar babbar 'yar ta dawo ta same ta kwance a kan siminti, zaninta a jiƙe, tana rawar sanyi.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye, sai an yi aiki. Matarsa ta miƙa masa jakar kayan Inna ba tare da ta dube shi ba. Auta ne ya yi magana, a gaban mutane a barandar asibitin, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, sama da wata biyu fa. Da na san falo za ka ajiye ta, da na ci gaba da goya ta a bayana."

Washegari tun da sassafe Bahago ya kira Dogo ya karɓi lambar malamar. Ta zo da motar haya kafin rana ta yi zafi. Da ta so yin maganar ciniki, ya ce ta kwashe kawai. Shi da kansa ya ɗauki amfilifayar, ta zame masa a hannun dama saura kaɗan ta faɗi, direba ya tare. Cikin minti ashirin ɗakin ya zama wayam, sai shatin lasifika a ƙasa. Ya share, ya wanke, ya sayo gado mai gajerun ƙafafu, ya kira maƙerin da ke kusa da shagonsa ya kafa ƙarfen riƙewa a bango tun daga bakin gadon har cikin banɗaki. Bai ci komai ba sai da aka gama.

Da ya je ya gaya wa Inna ɗakinta ya kammala, ta tambaye shi ina ya kai kayan. Ya faɗa mata. Ta ce ai da bai yi gaggawa ba, ita ce ba ta duba gabanta ba. Ya so ta zage shi. Ta kama hannunsa na dama tana murza ƙamammun yatsun har barci ya ɗauke ta.

Aikin ya yi kyau, in ji likitoci. Amma kwanciyar da ta yi a siminti ta sa mata ciwon ƙirji, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, zazzaɓi na tafiya yana dawowa. A kwana na goma sha ɗaya ta rasu, da la'asar, matar Bahago na riƙe da kanta. Ba ta taɓa ganin ɗakin ba.

Auta ya daina zuwa gidan bayan 'yan zaman makoki sun watse. Idan Bahago ya kira, sai ya amsa gaisuwa ya ce yana cikin aiki. 'Yan matan uku na matse a ɗaki ɗaya, amma babu wadda ta yarda ta koma wancan. Matar ta naɗe katifar falo ta kyautar. Tana yi masa girki, tana amsa maganarsa, sai dai hirar da suke yi a da ta ƙare.

Bayan wata biyu malamar ta zo shago. Dogo ne ya ba ta labari. Ta yi masa ta'aziyya, sannan ta ce kayan suna nan lafiya, kuma ita ba ta jin daɗin riƙe su a haka. In yana so, gobe ta maido masa da su duka.

Bahago ya daɗe yana kallon teburin yankan.

"Ba ni da inda zan sa su, malama."

Ta yi masa sallama ta fita. Akwai mai jiran gilashin ƙofar kanti tun ɗazu, yana zaune a benci yana duba agogo. Bahago ya auna, ya ja layi, ya karya, sai gilashin ya gaza da faɗin yatsa. Ya ba mutumin haƙuri, ya jingine shi a gefe, ya ɗauko wani ya sake aunawa.