Hannun Gado

Tela ya haura shekara arba'in yana alfahari da hannunsa na dama. In ya miƙe shi, daga gwiwar hannu sai ya karkace waje, kamar mai nuna wa baƙo hanya. Haka hannun marigayi mahaifinsa yake. An haifi tela bayan rasuwar uban, lokacin da wasu dangi suka ƙware a lissafin watanni, kuma wannan hannu ne ya rufe musu baki.

Da ƙaramin yatsansa ya fara mutuwa har allura na zame masa, sai ya tafi asibiti. Gwaggo, ƙanwar marigayin, ta raka shi. Aka ɗauki hoto, likita ya yi rubutunsa, aka tura su wani ɗaki mai fanka ɗaya da kwamfuta biyu, inda wata mata ke mayar da ciwon mutane lamba.

"Karkacewar gwiwar hannu zuwa waje, ɓangaren dama," ta karanta. "Lamba biyu gare ta. Akwai ta wanda aka haifa da ita, akwai ta wanda ya same ta daga baya. Likita bai faɗi wacce ba."

"Gado ne," in ji tela. "Sa ta haihuwa."

"Malam, ba ni ke zaɓa ba."

Ta ɗaga waya ta kira likitan, ta yi "to, to" ta ajiye.

"Ya ce tsohuwar karaya ce. Tun kana yaro ƙashin ya tsage, bai haɗe daidai ba. Shi ne ya ja jijiyar yatsan."

Tela ya lalubi kujera ya zauna. Ya miƙe hannun yana kallonsa kamar na aro.

"Karaya? Ni? Gwaggo, kin ji abin da ta ce?"

"Kunnena ƙalau."

"Ke kika riƙa ɗaga hannun nan a gaban mutane kina cewa ga shaida! Yanzu in ba gado ba ne, ni ɗan wa ne?"

Matar ta janye yatsunta daga kan kwamfuta. A kwas ɗin da ta yi ba a koya musu wannan ba.

Gwaggo ta gyara mayafi.

"Kai dai da wauta. Wa ya ce maka da shi aka haifi ubanka? Daga katangar bayan gida ya faɗo yana leƙen awakin maƙwabta. Kai ma kana fara gudu ka hau ta, ka faɗo ta gefen da ya faɗo."

Bakin tela ya kasa rufuwa.

"Shi ke nan shaidar? Katanga?"

"Yara nawa suka tashi a gidan nan? Wa ya hau ta in ba ku biyu ba? Ɗan wani ba ya wannan sakarcin." Ta juya ga matar. "'Yata, sa masa ta karayar. Ai ta ubansa ce."