Minti Goma Sha Tara a Ƙasa

Autanmu Tormod ya cika wata ashirin a duniya bai taɓa yin taku ɗaya ba. Ga shi ɓul-ɓul, ga ci, ga surutu, amma da an tsayar da shi sai ya naɗe ƙafafu ya zauna daɓas, ya dube ka kamar ka sa shi aikin da ba nasa ba. Nas Nicolson, mai zagayen duba yara a ƙauyukan tsibirinmu na Lewis, ta zo ta lallatsa gwiwoyinsa, ta jujjuya ƙafafun, ta ce ita dai ba ta ga komai ba. Duk da haka ta ba mu mako uku. In ta dawo bai fara tafiya ba, za ta rubuta takarda a tsallaka teku da shi zuwa babban asibiti.

Daga ranar Mama ta daina rera Zabura a bakin murhu. Tsoro ne ya kama ta, kuma tsoron kashi biyu ne. Akwai na ƙafafun yaron, akwai na bakin mutane. Mu ba ma zuwa makarantar gwamnati, a gida Mama ke koyar da mu, kuma a ƙauyen nan duk abin da ya sami ɗan wani ƙaddara ce, wanda ya sami ɗayanmu kuwa ai don an tsare mu a gida ne. Ko mura muka yi sai an sami mai girgiza kai.

Ni Marsaili, shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Akwai Yaya Ishbel a samana, Finlay da Peigi a ƙasana, sai shi gogan. Ƙarfe takwas da rabi motar makaranta ke wucewa ta ƙofarmu, mu kuwa mun riga mun kewaye teburin kicin, Baba ya shiga rumfar saƙarsa a bayan gida. Uwa ɗaya, ɗalibai huɗu, kowa da ajinsa, ga jariri. Sai Mama ta yi dabara: ta manna jadawali a jikin firij, kowannenmu yana da awarsa ta riƙon Tormod, don kada kukansa ya katse karatun sauran. Dabarar ta yi aiki har matan coci suna zuwa gani. Gidanmu ba a jin kukan yaro.

A makon nan ne Mama ta ba mu aikin nazarin halittu. Kowa ya zaɓi halitta ɗaya, ya bi ta da ido kwana biyar, ya rubuta abin da ya gani, ba abin da yake zato ba. Finlay ya zaɓi tunkiyar maƙwabta, don ya san ba ta zuwa ko'ina. Yaya Ishbel ta ɗauki wani tsuntsun teku. Ni kuwa tun ranar da nas ta tafi tambaya ɗaya ke cina: yaro lafiyayye, ƙafafu biyu cif, me ya hana shi? Na ce na zaɓi Tormod.

Mama ta ɓata rai, ta ce ƙanena ba ƙwaro ba ne. Baba, da ya shigo shan shayi da zaren ulu maƙale a gemu, ya ce ai shi ma halittar Ubangiji ne, a bar yarinya ta duba. Har ya ciro agogonsa ya ara mini.

Na fara da abin da yake ci da yawan barcinsa, ban ga wani abin mamaki ba. A rana ta biyu na ce bari in kalli ƙafafun kawai, tunda su ne maganar. To a nan na ga ikon Allah. Da safe Mama ta ciro shi daga gado zuwa kujerarsa ta cin abinci. Daga kujera sai kwankwason Yaya Ishbel, tana haddar tarihi tana jijjiga shi. Awarta ta cika ta miƙa wa Finlay, shi kuma ya saɓa shi a wuya. Peigi, da ba ta fi shi da wani girman kirki ba, rungumo shi take ta ciki tana ja kamar buhun dankali. Da na karɓe shi a awata, sai na ga ni ma a cinya na ɗora shi ban ma sani ba. In yana son cokali, ya nuna da yatsa ya ce "eh", hannu huɗu su yi tsere. In ƙwallonsa ta gangara, kafin ya gama buɗe baki an dawo masa da ita. Duk lokacin da tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa na duba agogo, in ya bar ƙasa na sake dubawa.

Ranar Juma'a kowa ya karanta nasa. Kaka ta zo, kamar kullum, da sandarta da kifi mai gishiri a leda. Finlay ya ba da rahoton cewa tunkiya tana cin ciyawa. Da aka zo kaina na miƙe ina ji da kaina, na karanta cewa daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, ranar da ƙafar Tormod ta fi daɗewa a ƙasa minti goma sha tara ce, kuma shida daga ciki ana sauya masa wando ne.

Kaka ta kwashe da dariya har tana buga sanda.

"Yo ina dalili. Ni ma in na sami bayi huɗu, wa zai ƙara ganina a tsaye? Ranka ya daɗe, ka iya zaman duniya."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta karɓi littafin, ta bi lissafin layi-layi kamar yadda take duba mana jarrabawa, tana neman kuskure ba ta samu ba. Daga nan ta juya ta daɗe tana kallon jadawalin nan na jikin firij. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Ni amsa nake nema, ban yi tunanin a kan wa amsar za ta faɗa ba.

"Ashe ni na ɗaure shi," in ji ta a hankali.

Baba ya ce ba wanda ya ɗaure kowa, ƙauna ce ta yi yawa, kuma ba a tabbatar ma wannan ne dalilin ba. Wannan maganar ta ƙarshe da ma ya bar ta a cikinsa, don ita ta fi tsaya wa Mama a rai. Ta cire jadawalin, ta kafa doka: ban da wanka da barci, kada wanda ya ƙara ɗaukar Tormod, kada wanda ya miƙa masa abin da zai iya zuwa ya ɗauka.

Gidan da ba a jin kuka ya koma gidan kuka. Tormod ya ɗaga hannuwa sama yana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya rasa laifin da ya yi aka juya masa baya rana ɗaya. Yaya Ishbel ta toshe kunne da auduga tana lissafi. Sau biyu ana kama Peigi ta ja shi bayan labule tana ba shi haƙuri. Ni kuwa kowa harara yake aiko mini, Finlay har ya ce da tunkiya na zaɓa da yanzu ana zaune lafiya. A kwana na huɗu yaron ya gano jan gindi, yana share ɗaki da wandonsa. A na tara ya kama ƙafar tebur ya miƙe, ya duba ƙasa, ya ga nisa, ya koma ya zauna. Shi ke nan kuma, ya tsaya a nan. Kullum da safe nakan ga Mama ta durƙusa nesa kaɗan da shi ta buɗe hannuwa, shi kuma ya ja gindi ya iso ta yana murna. Ta rame a kwanakin nan.

Ana jibi nas za ta dawo, muka taru ibadar safe bayan an sha kunu. Muka rera Zabura, kowa ya karanta ayarsa, sannan muka juya muka durƙusa, kowa ya kifa fuska a kan kujerarsa. A gidanmu rufe ido lokacin addu'a ba abin wasa ba ne. Baba yakan ce wanda ya buɗe ido ya bar gaban Ubangiji ya tafi yawo, kuma ba a iya kai ƙarar wani, don mai cewa ya ga idon wani a buɗe ya riga ya tona kansa. Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan ɗan benci, ya fara. Addu'ar Baba kuwa ba ta gaggawa. Sai ta bi ta kan masu mulki, ta gangaro kan masunta da ke teku da marasa lafiyar ƙauye gida-gida, kafin ta iso kanmu.

Yana wajen masunta na ji wani ɗan sauti a bayana, taf, a kan katako. Jan gindi ba haka yake ƙara ba, na san shi sarai. Na matse ido. Na sake jin taf. Na yi ta faɗa wa kaina cewa ina gaban Ubangiji, amma son sani ya fi ƙarfina. Na leƙa ta ƙarƙashin hammatata.

Tormod ne a tsaye tsakiyar ɗaki, ba ya riƙe da komai. Hannuwa a sama, baki a buɗe, ido a kan tabarau ɗin Baba, abin da aka hana shi taɓawa tun da aka haife shi. Ya ga duk masu tsaron sun ba da baya. Ya ɗaga ƙafa ya sauke, ya yi tangaɗi, ya sake. Ina ƙirga takun, na cusa hannun rigata a baki don kada dariya ko kuka ya kuɓuce mini. A daidai lokacin Baba ya iso kanmu, yana roƙon Ubangiji ya ƙarfafa gwiwoyin yaron nan in ya yi nufi. Yaron nan kuwa ya isa benci, ya damƙi tabarau, ya zauna ya sa a baki.

Aka ce amin. Baba ya karɓe tabaransa yana goge yawu, ya ce jan gindin nan ya fara sauri. Kowa ya watse. Tsoron faɗan Baba da sauƙi, abin da ya fi damuna shi ne a ce albishir mafi girma a gidanmu ta hanyar laifi ya shigo. Amma na dubi bayan Mama tana tattara kwanuka, na ga ba zan iya barin ta da nauyin nan ko na awa ɗaya ba.

Na bi ta wajen wanke-wanke, na ɗauki tsumma. Na jira ruwan famfo ya rufe muryata.

"Mama, na yi laifi. Na buɗe ido lokacin addu'a."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da cuɗa tukunyar kunu.

"Ya yi tafiya, Mama. Da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi. Taku bakwai, na ƙirga."

Ta kashe famfo. Ta daɗe tana kallon kumfar hannunta, sannan ta goge ido da bayan hannu.

"Shida ne, Marsaili," in ji ta. "Na bakwai ɗin ya dafa benci."

Ta miƙo mini tukunyar in goge.