Tsagar Siminti

Shekara da shekaru ke nan da idon Baba ya tafi, amma a cikin gidansa ba mai yi masa jagora. Da ya shigo zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya jingine sanda, ya kama tafiyarsa daga falo zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa banɗaki, hannu a baya kamar mai zagaya gonarsa. Baƙo sai ya rantse yana gani. Wanda kuwa ya yi gangancin cewa "a hankali, Baba", ranar sai ya gane kurensa. Wannan 'yar tafiyar ita kaɗai ta rage masa cikin abin da yake yi da kansa, kuma Auta, 'yarsa ta ƙarshe da ke zaune tare da shi, ta fi kowa sani.

Da aka yi masa aiki a asibiti, babban ɗansa, wanda duk gidan ke kira Yaya, ya ɗauke shi zuwa nasa gidan jinya, ya ce kafin tsoho ya dawo a gyara daɓen gidan, don simintin duk ya farfashe. Yaya mutum ne mai alheri, sai dai alherinsa ba ya jiran shawara. Tayil ɗaya yake so, fari mai ƙyalli, daga ƙofar shiga har kicin.

Auta ta ce sam. "Yaya, da ƙafa fa yake gani. In ko'ina ya zama iri ɗaya, ta yaya zai gane inda yake?"

"To, malama, sai ki zaɓa," in ji shi.

Ta kuwa zaɓa, ba da wasa ba. Ta je shago ta cire takalmi, ta rufe ido, tana taka samfur ɗaya bayan ɗaya, masu shago na ƙunshe dariya. Falo ta ba shi tayil mai kaushi. Ɗakin Baba katako, don ba ya sanyi. Lungun da ya haɗa ɗakunan ta zaɓar masa leda mai kauri, banɗaki kuma ƙananan tayil da ba sa santsi. Ta dawo gida tana jin kanta, tana ganin ba 'yar da ta taɓa yi wa uba tunani irin nata.

Ranar da mai tayil ya iso lungun, ya tsuguna ya nuna mata wata doguwar tsaga a tsohon simintin.

"Ƙanwata, leda ba ta kwanciya a kan wannan. Sai an cike an shafe."

"A cike mana," ta ce, hankalinta na kan tukunyar da ta bari a wuta.

Da Baba ya dawo, Auta ta tarye shi da bayani tun daga bakin ƙofa, wannan kaza ne, wancan kaza ne. Ya saurara, ya tuɓe takalmi, ya ratsa falo a hankali. Da ya kai bakin lungu sai ya tsaya. Babban yatsan ƙafarsa na dama ya shiga lalube a kan ledar, gaba, baya, gefe.

"Auta, ina tsagar?"

"Wace tsaga, Baba?"

"Ta nan. Ita nake bi. In ta karkata, banɗaki na hagu. In ta rabu biyu, na zo ɗakina."

Ta ce an cike. Ya ce, "To, madalla." Ta gwammace ya zage ta.

Ya gwada, ba a ce bai gwada ba. Amma lungun dogo ne, ƙofofi huɗu, ledar kuma daga farko har ƙarshe magana ɗaya take gaya wa ƙafa. Yau ya buɗe ɗakin ajiya, gobe ya yi karo da bango har goshi ya kumbura. Ta ce ya riƙa shafa bango, ya ce shi ba ƙadangare ba ne.

Ta sake kiran mai tayil, ta ce ya manna siririn katako a kan ledar daidai inda tsagar take. Mutumin ya ce ba matsala, sai dai ta nuna masa hanyar da tsagar ta bi. Sai a nan ta tsaya sororo. A gidan aka haife ta, ta share lungun nan ba iyaka, amma ba ta san ta ina tsagar ta bi ba. Ta kira Yaya a waya, shi ma bai sani ba. Suka koma ga Baba.

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Ƙafata ce ta sani."

Aka dai manna katakon, miƙaƙƙe sambal. Ya taka sau biyu, ya ce an gode.

Wata rana da hantsi Auta ta fito daga kicin ta same shi a tsakiyar lungu, fuskarsa na kallon bango, wandonsa a jiƙe, ruwa na bin sabuwar ledar. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙofar banɗaki. Tana kicin ɗin duk lokacin, da ya yi ko tari da ta ji, amma bai kira ba. Ta koma da baya a hankali don kada ya san ta gani, amma katakon da aka manna ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarta, ta ga kafaɗarsa ta motsa.

Bayan ya sauya kaya ya zauna a bakin gado, ya kira ta. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ki gaya wa Yayanki aiki ya yi kyau, Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Baba."

"In kin fita kasuwa ki sayo mini fo na fitsari, irin na yara amma babba. Ki ajiye nan gefen gado."

Ta buɗe baki za ta ce za a fasa ledar, za a nemo tsagar, za a yi ko mene ne, sai ta tuna da idonta ta ga an zuba siminti an shafe. Ta ce to, ta tashi ta ɗauko mayafinta.