Ƙasar Da Ta Ƙi Shan Ruwa

Injiniyar hukuma ta kafa zoben ƙarfe a bayan gidan Kafinta, ta cika shi da ruwa, ta tsuguna tana duban agogo. Za a haƙa wa layin babban rami mai shanye ruwan sama, kuma filin da ƙasarsa ta fi saurin sha nan za a haƙa. Fili biyu ne a gangaren layin, na Kafinta da na ƙanensa Direba, gadon uba ɗaya, katanga ce kawai tsakani. In abin ya faɗo kan Kafinta, rumfar aikinsa ta tashi ke nan.

Ruwan ya nutse nan take, kamar ƙasar ta kwana da ƙishirwa. Ta ƙara, ya sake ɓacewa.

Suka zaga gidan Direba, inda tun jiya ta kafa fegi a wurin da za ta gwada. Can ruwa ya tsaya cik kamar a kwano. Direba ya yi ta dariya, wai ƙasarsa ta ɗauko halin matarsa, ba ta karɓar abin da ba ta yi niyya ba.

Kafinta bai yi dariya ba. Ya yi shuka a wurin nan tun yana ƙarami, ya san yashi ne har ƙasa. Ya dubi gindin fegin, ya ga an daɓe shi sumul, an barbaɗa busasshiyar ƙasa a kai. Ga baro jingine an wanke shi tas, a gidan mutumin da ko motarsa sai ruwan sama ya wanke masa. Ga jan yumɓu a bakin farcen Direba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

"Auta, yaushe ka koma magini?"

Direba ya ce murhu ya gyara wa iyali, ya cusa hannu a aljihu.

Injiniya ta dangwali ƙasar, ta murza a yatsa. Sannan ta ce a bari ta matsar da zoben gindin katanga a sake gwadawa. Kafinta ya ce a sake har nasa, duk inda ta ga dama. In ya kuma fitowa haka, da hannunsa zai kwashe katakonsa.

Direba ya ɗora ƙafa a kan zoben.

"Yaya, gwaji ɗaya aka ce, kuma an yi. Ba za a sake tona mini gida ba."