Kunun Aya a Gaban Suruki

Duk wanda ya san Ubaidullahi a kasuwar Kaura Namoda ya san mutum ne da ba ya wasa da cikinsa. Amma tun da jirgi ya tashi da su zuwa ƙasar Sifaniya, bawan Allah bai saka komai a bakinsa ba, saboda wanda ya shirya tafiyar, Allah ya yafe masa, ya haɗa kujerarsa da ta surukinsa, Alhaji Tsoho na Dauran. To ina mutum zai buɗe baki ya tauna a gaban uban matarsa? Ma'aikaciyar jirgi ta kawo shinkafa, ya ce ya ƙoshi. Ta kawo shayi, ya girgiza kai. Alhaji Tsoho kuwa ya share nasa tas, ya yi hamdala, ya kishingiɗa abinsa.

Aya ce ta raba su da gida. Tun da 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin nesa, manoma da yawa a Dauran suka rage gero da dawa, don dogon kara ɓoye mugu yake yi. Suka koma shuka aya a jigawar da ke jikin gari, tun da ita ba ta tsayi, 'ya'yanta kuma a ƙasa suke. Allah ya sa mata albarka, sai dai babu mai saye da daraja. Buhuna suka cika rumfar Ubaidullahi, wanda shi ne ke shanya ta, ya tsince, ya adana wa kowa. Magidanta suka fara cewa in bana ma haka ta ƙare, har irin za su sayar, su kwashi iyali su tafi birni neman dako. Ana cikin haka wata ƙungiya mai tallafa wa manoma ta ce akwai babban baje kolin abinci a birnin Balensiya, inda mutane ke shan kunun aya kamar ruwa, kuma za ta ɗauki nauyin mutum biyu. Aka zaɓi Alhaji Tsoho don shi ne shugaban manoman, aka haɗa shi da mai adana ayar.

Nafi'u ne ya tarbe su, wani mutumin Shinkafi da ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwan garin, har Sifaniyanci ya zauna a bakinsa. Ya zaga da su kafin a buɗe taro. Kai, Ubaidullahi ya ga abin kallo! Ga bishiyoyin lemo a bakin titi, 'ya'ya jibge, babu mai jifa. Ga wani kogi da aka janye wa ruwa aka mai da cikinsa lambu, tsofaffi na gudu a ciki da gajeren wando ba tare da kowa ya biyo su ba. Alhaji Tsoho ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Wanga gari, mutum shina gudu don marmari." Babu wanda ya yi dariya, don dukansu sun san irin gudun da ake yi a gida.

Abinci kuwa, Ubaidullahi ya samo dabara. Sai Alhaji ya shiga wanka, shi kuma ya tsuguna a matakalar otal ya danna burodi da kifin gwangwani a gurguje, ya goge baki ya dawo kamar ba shi ba.

Zauren taron ya fi kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis girma, kuma babu mai ɗaga murya. Suka zuba ayarsu a faifai suka zauna. Masu kwat suna zuwa, su ɗauki ƙwaya ɗaya su ciza, su yi murmushi, su wuce. Ranar farko haka, kashegari ma haka. Ubaidullahi kuwa ya san idon gari guda yana kansu.

A ranar ƙarshe wata tsohuwa gajeruwa mai sanda ta tsaya a gabansu. Ba ƙwaya ɗaya ta ɗauka ba, hannu ta cusa har ƙasan faifan, ta shinshina, ta tauna, ta lumshe ido. Nafi'u ya raɗa musu cewa sunanta Amparo, gidansu tun kakanni kunun aya suke yi, wanda a nan ake kira orchata, kuma ayar da ake nomawa a gefen garin ba ta isarsu. Alhaji Tsoho ya kasa faɗin sunanta, ya ce shi dai Gwaggo zai kira ta. Ta ce a ba ta mudu guda, gobe su same ta a shagonta.

Shagon yana bayan gari, a tsakiyar gonakin aya kore shar. Ta zaunar da su a teburi guda, ta fito da tulun gilashi mai raɓa a jiki, ta cika kofuna da farin kunu mai sanyi. Nafi'u ya fassara: daga ayar Dauran ta yi shi, ruwa ne da sukari kawai, kuma dokar gidansu ce ba a sayen ayar mutum sai ya zauna an sha tare da shi. Alhaji Tsoho ya yi bismilla ya kafa kai. Ya sauke kofin ya ce ai wannan ayar ta san hannu, sai dai an yi mata rowar dabino. Nafi'u ma ya shanye nasa.

Kofin Ubaidullahi yana nan yadda aka ajiye shi. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafar teburi, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Gwaggo Amparo ta dube shi ta saman tabarau. Ta tambayi wa ke adana ayar bayan an haƙo. Nafi'u ya nuna shi. Nan take fuskarta ta canza. Ta yi magana mai tsawo, a hankali, Nafi'u yana fassarawa yana share gumi. Ta ce an taɓa kawo mata aya daga nesa wadda aka barbaɗa wa maganin ƙwari a rumbu, kuma mai kayan shi ma haka ya ƙi sha. In wanda ya adana ta yana tsoron ta, ita ba za ta ba jikokin mutane ba.

Innalillahi! Ubaidullahi ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Shi da ko barkonon korar ƙwari bai yarda a zuba a buhunan ba, rana da iska kawai ya sani! Nafi'u ya shiga yi mata bayanin surukuta, cewa a wurinmu namiji ba ya ci ba ya sha a gaban uban matarsa, girmamawa ce. Tsohuwa ta taɓe baki. Ta ce nata surukin ko sallama ba ya yi yake buɗe mata firji, wannan labari bai shige ta ba.

"To ka ce mata in ɗauki kofin in tahi waje in sha," in ji Ubaidullahi, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce a waje ai akwai magudanar ruwa, zai iya tuttulewa. Ta miƙa hannu ta fara jawo tulun zuwa gabanta.

Ubaidullahi ya kalli kofin. Ya san abin da ke cikinsa: shukar bana ta gari guda. Ya ɗaga hannu zai ɗauka, hannun ya yi nauyi ya koma kan gwiwa. Wallahi ba taurin kai ba ne, tun yana yaro haka ya ga ubansa yana yi, kuma jikinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Hawaye suka ciko masa don haushin kansa.

Sai Alhaji Tsoho ya gyara zama. Ya ɗauki kofin da hannunsa biyu.

"Ubaidu."

Ubaidullahi ya zabura. Tun da ya auri 'yarsa Ummusalma, tsohon bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "mijin yarinya".

"Ɗa namiji guda Allah Ya ba ni, ka san inda munka bizne shi, kai ka ɗauko gawatai daga hanyar Zurmi bisa babur. Tun rannan wa ka noma gonatai? Wa ka kai ni asibiti? Ni ban da wani ɗa in ba kai ba. Ɗa kau shina sha gaban ubanai. Amshi."

"Baba..."

"Amshi, na ce, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Ya yi bismilla, ya rufe ido, ya sha. Sanyin ya ratsa shi har ƙirji, ga zaƙin ayar jigawarsu da ya sani tun tana ɗanya. Bai sauke kofin ba sai da ya ga gindinsa. Kuma da yake cikin ya daɗe yana jiran irin wannan rana, sai ya tsinci kansa yana miƙa mata kofin a ƙara.

Gwaggo Amparo ba ta ji kalma ɗaya daga abin da tsohon ya faɗa ba, kuma Nafi'u bai fassara mata ba. Amma tana da ido. Ta dubi tsohon, ta dubi surukin nasa da hawaye ke bin gemunsa, ta cika masa kofin har baki, ta turo masa farantin dogon burodi mai sukari. Ya cinye biyu a gaban surukinsa, Alhaji yana cewa a hankali dai, kada a ce daga yunwa muka fito. Tsohuwa ta yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ta ce za ta aika ayar a gwada kamar yadda doka ta ce, in ta fito lafiya, kuma ta san za ta fito, tana son ta bana, tana son ta baɗi.

Da suka fito bakin gona, Alhaji Tsoho ya zaro wayarsa ya miƙa wa Ubaidullahi ya danna masa wurin saƙon murya, don a aika wa manoman Dauran. Tsohon ya kai ta bakinsa, ya yi sallama.

"Jama'a, ga ni ga ɗana. Kowa ya aje irinai, kada wanda ya saida. Ku gyara gonaki, muna nan tahe."