Bencin Mai Gyaran Agogo

Mai gyaran agogo ya yi suna da "dawo gobe". Tun da matarsa ta rasu hannunsa ya yi nauyi, sai mutum ya yi ta sintiri kafin ya karɓi agogonsa. Duk zuwa kuma sai an zauna a bencin shagon, a yi masa tsiya, ya rama, a sha hira.

'Yarsa da ke aure a nesa ta aiko masa da ƙwayoyi, wai suna ƙara kuzari, su wartsake rai, su tattara hankali. Ya haɗiyi ɗaya da safe don kada ta ji haushi.

Kamar wasa, idonsa ya washe, yatsunsa suka daina rawa, bakinsa har ƙaiƙayin hira yake. Kafin mako ya zagayo ya gama duk aikin da ya taru. Wanda ya zo sai ya karɓi nasa a tsaye, ya yaba, ya wuce.

Ran nan ta kira shi. "Baba, maganin yana aiki kuwa?"

Ya dubi bencin. Kyanwar maƙwabci ce kwance a kai.

"Yana aiki, uwata. Yanzu ba mai dawowa."